Ƙwallon Golf a Tsakar Gida

Randa ta fashe, ruwa ya malale har tabarmar da jaririyata Ummi take kwance. Ƙwallon golf ɗin babanta ne ya fasa ta.

Babanta direba ne. Tunda patron, wato mai gidansa a wurin aiki, ya kai shi filin golf a Yawunde, ya haƙa rami a tsakar gida yana koyo. Ƙwallon kuwa kamar dutse.

Na ce, "Baban Ummi, saura kaɗan fa ka sami kanta!"

Ya ce, "Bugu nake koyon ragewa. A wasan nan mai bugu kaɗan shi ke ci."

Na ce, "To kar ka buga ko ɗaya, ka fi patron."

Ya sake ɗaukar sandar. Na goya 'yata muka fice, yanzu haka muna gidan maƙwabta.

Wallahi na gaji. 'Yan uwa mata, in ku ne, ina za ku ɓoye sandar nan?