Kawu Sale, Mai Murnar Ɗauke Wuta

Duk Kano ban san mai murna in an ɗauke wuta ba sai Kawu Sale, ƙanen Innarmu. Injinan kamfanonin Challawa su yi tsit, mu ma'aikatan kamfanin fata muna tsaki, shi kuwa sai ka ji, "Alhamdulillahi! Yanzu ƙasa za ta yi magana!"

Aikinsa neman ruwa. Wai ruwan da ke gudu a ƙarƙashin ƙasa yana da 'yar lantarkinsa, wutar kamfanoni ce ke rikita masa awo. Kun dai tuna kayan: 'yan tukwane biyu cike da shuɗin ruwa, doguwar waya, da mita mai allura. A babur yake lallaɓa su kamar jarirai.

A Sharada wata tsohuwa ta gan shi durƙushe yana binne tukunya, ta ce, "Malam, in ka gama a duba min ƙafar nan."

"Hajiya, ni ba boka ba ne, ilimi ne!"

"Haka duk kuke cewa," in ji ta.

A Bompai kuwa allura ta yi tsalle, ya hau ihu, "Ƙarfe! Wallahi ma'adini!" Muka yini da diga, muka tono tsohon bututu. Ko gezau. "Ƙarfe na ce, ƙarfe kuka gani. Na ce muku ba a ƙera shi ba?"

Farkon shekarun tamanin ruwan jima na kamfanonin fata ya shiga rijiyar unguwarmu, ta yi wari, Inna ta kwanta da ciwon ciki. Kawu ya rantse sai ya samo mata ruwa. To amma kamfanoni sun sayi janareto, ko an ɗauke wuta ba su shiru. Ya je ya roƙi wani manaja ya kashe inji, aka rako shi har bakin titi.

Sai ranar Sallah, da kowane inji ya huta. Daga idi, da babbar rigarsa, ya sa ni jan waya cikin gonaki. Inna ta ce, "Sale, tuwon Sallar fa?"

"Yaya, ajiye min. Yau kaɗai ƙasa ke da baki."

Ya kafa turke can bayan gari. Masu haƙa rijiya suna ta tsokanarsa wai wani bututun za su tono. Ranar na fara ganin Kawu ya tsorata. Da haƙa ta yi nisa, sai ruwa ya fito garau. Da kansa ya kai wa Inna kwanon farko, ta sha, ta dube shi ta ce, "Ashe dai bokan ya iya." Ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Har yau in an ɗauke wuta, kewarsa nake ji. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya shayar da shi ruwan Alkausara yadda ya shayar da yayarsa.