Daddawar da Gwaggo ta Rabar

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, aikina kacokan a kan daddawa yake. Ina nazarin ƙananan halittun da ido ba ya gani, masu ruɓar da kalwa har ta yi ƙamshin nan. Na yi wata da watanni ina tace su a ɗakin gwaji kafin na dace da irin da ke nunar da kalwa da wuri. Da hutu ya zo, na ƙunso 'yan curin da na haɗa da shi, na taho gidan Gwaggo a Nasarawa, na sa a firji.

Zamanin kuɗin mai ne, matan unguwar duk sun koma dunƙulen miya na kanti. Gwaggo kullum cikin tsokanata take, wai an tura ni boko na dawo da sana'ar kakanni. Ni dai daɗin gidan nake ji, ga inuwar mangwaro, ga wuta ba ta ɗaukewa.

Wata rana na dawo daga suna a Tudun Wada, na tarar da miyar kuka mai daɗin da har na nemi ƙari. Sai Gwaggo ta ce ai daddawar da na sa a firji ce, ta kuma aika wa maƙwabta sauran, don ita ba ta iya cin abu mai daɗi ita kaɗai.

Na ture kwanon gefe. Cikin kuka na gaya mata irin da na samo a cikin curin nan kaɗai yake, in babu shi babu digiri, sai dai na maimaita shekara.

A wurin Gwaggo ba abin kunyar da ya kai a yi kyauta a koma karɓa. Amma ta yafa mayafinta, ta ce na biyo ta. Muka bi gida-gida, ko'ina an riga an jefa a tukunya. Sai a gidan wata tsohuwar ƙawarta muka samu curi ɗaya.

"Hajiya, kyautata na zo karɓa," in ji Gwaggo, idonta a ƙasa. "Karatun 'yata ne a ciki."

Da curin nan na gama digirina. Matan unguwa sun daɗe suna yi mata tsiya, tana taya su dariya. A hanyar komawa gida ranar, a bakin mayafinta ta ƙulle shi, ko riƙewa ba ta bar ni na yi ba.