Rana ta bakwai da injin ban ruwa

Duk inda na ji an ambaci bakwai, zaman da aka yi a ƙofar gidan mai unguwarmu nake tunawa, kuma ba na jin zai fita daga raina har in mutu. A wani ƙauye ne na gundumar Kaoje, lokacin bazara, shinkafar rani ta ɗauki ciki. Ina aikin rediyo a Birnin Kebbi a lokacin, na je gida hutu.

Mijin gwaggona da wani Alhaji maƙwabcinsa a fadama sun haɗa hannu sun sayo injin ban ruwa a wata kasuwa da ke tsallaken iyakar Benin. A yankinmu da ranakun mako ake raba inji. Kowa kwana uku, ranar Juma'a kuwa wanda gonarsa ta fi jin ƙishi shi ke ɗauka. Haka suka yi shekaru babu wanda ya ji kansu. Da mijin ya rasu, gona ta koma hannun gwaggo da marayunta, sai Alhaji ya haɗe Juma'a da kwanakinsa. Ya zama yana riƙe inji kwana huɗu a jere, alhali gonarta ce a gefen tudu, mai yashi, wadda ba ta riƙe ruwa. Ta kai ƙara, na raka ta.

A lissafi, bakwai tana cikin lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, kamar biyar da goma sha ɗaya da goma sha uku. Ka raba ta biyu, ɗaya zai rage. Ka raba ta uku, ɗaya zai rage. Wannan gaskiya ce, kuma ita Alhaji ya riƙe.

Ya gyara zama ya ce, “Ranka ya daɗe, ba ni na yi mako kwana bakwai ba. Sammai bakwai, ɗawafi bakwai, jariri ma sai ya kwana bakwai a raɗa mashi suna. Abin da Allah bai yi shi don rabo ba, ni wane ne in tsaga shi?”

Dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Gwaggo ta ce daga inda take durƙushe, “Alhaji, da abokinka na da rai, kwana nawa mako yake?”

Ya ce, “Matar ɗan'uwana, ki bar tone-tone.”

Na nemi izini na ce ai mafita a fili take. A haɗa mako biyu, kwana goma sha huɗu ke nan, kowa bakwai. Juma'ar wannan mako tasa, ta mako mai zuwa tata. Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, “Ɗan rediyo, can birni kun ƙera mako mai kwana sha huɗu? Ku aiko muna da shi mu gani!” Wuri ya ɗauki dariya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, babu mutum ɗaya a zaman da bai gane maganata ba. Manoma ne da ke raba buhun taki tsakanin mutum biyar ba tare da wani ya yi ƙorafi ba. Amma rabinsu a motar Alhaji suke kai shinkafarsu kasuwa. Mai unguwa ya ce a ci gaba da haƙuri, ya shafa fatiha.

Shinkafa mai ciki ba ta san haƙuri ba. Da na koma lokacin girbi, na tarar da ɓangaren tudu na gonar ya fitar da kai fari fat. Gwaggo ta murza zangarniya ɗaya a tafin hannunta, ta hura, babu ƙwayar da ta saura. Daminar shekarar nan da tsabar aro ta ciyar da marayu.

Bakwai ba ta cuci kowa ba. Abin da na koya shi ne, duk ranar da aka ce wani abu ba ya rabuwa, har aka jawo sunan Allah a kai, in daina kallon lissafin, in dubi hannun da ragowar ta faɗa.