Keke Biyu da Akwatin Ƙanƙara a Hanyar Fakku

Tambuwal

Tun kafin assalatu na tashi, don ƙanƙara ba ta jiran kowa. Ina aiki a ɗakin shan magani na garinmu, kuma labari ya zo cewa baƙon dauro ya shiga wani ƙauye a hanyar Fakku. Aka ce ni zan kai allurar riga-kafi. Maganin yana cikin akwatin sanyi, an jera masa ƙanƙara daga firijinmu mai kananzir. In ta narke kafin in isa, magani ya zama ruwan banza, yara kuma su zauna haka nan. Motar ofis tana Sakkwato wajen gyara. Motar haya tana kai mutum Kebbe, daga can sai keke.

Keke biyu ne a gidanmu. Na Baba baƙi ne, tsoho, tayarsa fato-fato, marfin tayar mai tare laka ya daɗe da faɗuwa, amma kariyarsa ta ɗora kaya a baya tana ɗaukar buhun gero. Ɗayan na Yaya Sahabi ne, wanda ke koyarwa a firamare, sabo fil. A wajenmu wanda ya sayi sabon keke ba ya cire kwali da ledar da aka naɗo shi da su daga kanti, sai kowa ya gani ya yi masa barka. Yaya ya ƙara da zaren roba ja da kore, ya nannaɗe tun daga kai har sirdi, ga madubi biyu.

Baba ya ce ba zan shiga daji ni kaɗai ba. Yaya bai bari ya rufe baki ba ya ce zai raka ni. Kowa ya san dalili: Kulu, wadda yake nema, 'yar ƙauyen ce, kuma ba ta ga keken ba tukuna.

"Wanga tsohon ƙarfe za ki hau, Luba?" in ji shi. "Kunyata mu za ki yi."

Na tura ɗan yatsa tsakanin tayar kekensa da marfinta. Bai shiga ba. "Ba biki za ni ba, Yaya. Kuma an yi ruwa jiya."

Kebbe

Akori-kura muka samu a tasha. Direban ya ce a ɗora kekunan a sama. Na Baba aka jefa kan buhuna, Yaya kuwa ya ƙi, ya zauna a baya ya rungume nasa. Ni akwatin na rungume a gaba, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu.

A shingen 'yan sanda wani kofur ya ce in buɗe ya gani. Na ce, "In na buɗe zafi ya shiga, kai za ka je ka yi wa iyayen yaran bayani." Ya dube ni, ya dubi farar rigata, ya ɗaga sanda. Direba ya ce, "Malama, kullum ki riƙa shiga motata."

Hantsi ya fara ɗagawa muka sauka Kebbe. Muka sha koko da ƙosai a tsaye. Na girgiza akwati, ƙanƙara ta amsa ƙwas-ƙwas. Na ɗaure shi a kariya, na tattare riga, da ma akwai wando a ciki. Mata a bakin rijiya suka bar guga suna kallo. Su kalla. A makarantar kwana na koyi hawan keke, kuma ba a kansu zan hau ba.

Daji

Hanyar ba hanya ba ce, sawun shanu ne da na masu itace. Tana bi ta ƙarƙashin kalgo da marke, ta hau tudun marmara, ta gangara rairayi. Daji ya yi shiru, sai kukan kurciya da ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa. A rairayi na rage wa tayata iska kaɗan, ta baje, na wuce. Tayar Yaya siririya ce, ya cika ta tam, sai yankan rairayin take tana nutsewa. A tudu madubinsa ɗaya ya kama reshen aduwa ya karkace. Ya tsaya ya gyara shi da bakin riga.

"Yaya, ƙanƙara."

"Ina tafe. Ke dai ba ki da haƙuri, tun kina goye haka kike."

Wanda zai zaɓi keken daji, ga abin da na gani da idona. Ya duba faɗin taya, ya duba ƙarfin kariya, ya matsa birki ya ji ko yana kamawa, ya tabbata akwai sarari tsakanin taya da marfinta. Fenti ba ya tuƙa kowa.

Fadama

Nan aka yi ta. Lakar fadamar baƙa ce mai danƙo. Keken Baba yana kwasa yana watsa mini a baya, amma yana tafiya. Na Yaya laka ta cushe a cikin marfin, taya ta ƙi juyawa ko da turi. Ya sa kara ya ƙwaƙule, ya yi taku kaɗan ta sake cushewa. Daga ƙarshe ya saɓa keken a kafaɗa, yana tafe yana nishi, shi cikin laka har gwiwa, keke a sama tsaf.

Ina waiwaye ina masa dariya tayata ta faɗa ramin kofaton shanu. Na kife. Akwatin ya bugi ƙasa, maƙullin marfinsa ya ɓalle, buhun ya faɗa cikin laka. Na danne marfin da hannu biyu. Rana tana tsaka, ba inuwa, igiyar kariyar kuma ba za ta matse shi ya rufu ruf ba. Na girgiza: ƙwas-ƙwas ɗin ya fara haɗuwa da ƙarar ruwa.

Keken Yaya kawai na kalla.

"A'a," in ji shi. "Luba, mi kika nufi?"

"Robar. Da kwalin, da ledar."

"Ƙauyen ga shi can, ana hangen rumbuna. Ko barka ɗaya ba a yi mini ba."

"Ɗan yayar Kulu yana cikin waɗanda za a yi wa allurar."

Ya yi tsaye yana kallon keken. Sannan ya sauke shi, a cikin lakar, ya fara warware zaren. Ya ɓare kwalin ɗaya bayan ɗaya muka lulluɓe akwatin, muka rufe da leda, muka ɗaure tamau da ja da kore. Da ya gama sai ya ciro sifana ya kwance marfin tayoyin duka biyu, ya rataya a wuya.

"Tunda an fara," ya ce.

Ƙauyen

Mun shiga ana kiran azahar. Mai gari ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, mata suka fito da goyo. Na yanke robar na buɗe. Ruwa ne a ƙasa, amma ga guntayen ƙanƙara suna yawo, kwalaben da sanyinsu. Na yi hamdala, na fara aiki, ban ɗago ba sai da layin ya ƙare.

Kulu ce ta kawo mana fura. Ta gaida Yaya kanta a ƙasa, sannan ta saci kallon abin da ke jingine da tsamiya: ba kwali, ba marfi, madubi a karkace, laka har sirdi.

"Malam, wanga ne sabon da aka ta faɗi?"

"Da safe sabo ne," in ji Yaya.

Ta rufe baki da gefen mayafi. Can sai ga ta da ruwa a ƙwarya da tsumma, ta ajiye a gaban keken ta koma cikin gida.

Gida

A gidan mai gari muka kwana, aka yi mana tuwon dawa da miyar kuka. Washegari muka biyo sawunmu, keken Yaya yana gaba wannan karon, muka sami mota a Kebbe, muka iso Tambuwal da la'asar. Baba yana zaure. Ya dubi kekunan biyu ya ce, "To, wanne ne nawa?"

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa mai gari da iyalinsa, da direban akori-kura, da Yaya Sahabi. Marfin tayoyin nan suna rataye a ɗakinsa har yau, bai mayar ba.