Kwanon Ruwa a Cikin Fiyano

Ni kafinta ne a Rabah. Ƙyaure na sani, da gado, da makara in ta kama. Fiyano kuwa ban taɓa ganin cikinsa ba sai ranar da wata malamar firamare ta aiko a kira ni. 'Yar Filato ce, Kirista, tana haya a bayan kasuwa. Mahaifinta ne mai kiɗa a cocinsu, da ya rasu ta ɗauko kayan kiɗansa a bayan babbar mota har garinmu. Ta ce haƙora biyar sun daina magana, kuma in ta danna sauran, hannun mahaifinta take ji. Shi kaɗai ya rage mata.

Da na cire allon gaba sai da na ja baya. Wayoyi fiye da ɗari biyu a ɗaure tamau, ga 'yan gudumomi jere kamar masu jiran sallah, ga wani wari na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ɓera ya cinye ulun kan gudumomi biyar. Muka yanko tsohon bargo, na liƙa da gam, tana gaya mini yadda tsohon yake yi. Mako biyu muka yi, haƙoran suka tashi.

Amma da na shafa katakon sai gabana ya faɗi. Icen ƙasar sanyi ne, ga bazarar Rabah ta kama. Kowace waya tana naɗe a jikin ƙusa, ƙusar kuma cikin katako take. In katako ya bushe sai ya saki ƙusa, waya ta zame, ta yi kuka ba wanda ya taɓa ta. Malama ta ce maganin da ta sani shi ne a ajiye kwanon ruwa a cikin gindinsa, iska ta ɗauka ta shayar da icen. Muka sa.

Ranar nan da azahar ina tattara kayan aikina, ita tana tsakar gida, sai na ji ɗang, a hankali, daga ciki. Ni na san dalili, ni na yi bayaninsa da bakina, amma wallahi tsikar jikina sai da ta tashi.

To, ni mutum ne mai baki, ba na iya ganin abu in haɗiye. Da la'asar a wurin mai shayi na ce, ina dariya, akwatin Malama ruwa yake sha, kwano guda duk kwana uku. Kaico! Magana zarar bunu ce. Kafin Juma'a gari ya ɗauka cewa baƙuwa tana kiwon wani abu a akwati, tana ba shi ruwa yana amsa mata. Mata suka hana 'ya'yansu zuwa darasin yamma da take yi musu.

Mai gidan da take haya, wani dattijo, ya zo da kansa, aka kira ni. Ya durƙusa ya leƙa. Ruwan ya koma rabi.

"Wa ka shan ruwan ga?" ya tambaya.

Na ce, "Baba, iska na. Icen ka ja."

"Kai kafinta, mi kaka faɗi? Ka taɓa ganin ƙyaure shina sha a kwano?"

Bai rufe baki ba waya guda ta yi kuka a daidai kunnensa. Dattijon ya miƙe yana a'uziyya, ya dubi Malama ya ce ko a fid da kwanon, ko ta bar masa gida. Wa zai ba ta wani ɗakin bayan wannan magana? Ta sunkuya ta ɗauke kwanon, ta zubar da ruwan a gindin dogonyaro. Ina tsaye. Na san abin da zai biyo baya, kuma ban ƙara cewa uffan ba, don tsoron a haɗa da ni.

Bai kai wata ba, da rana tsaka, aka ji ƙara kamar bindiga. Maƙwabta har sun fara kwasar yara, sun zaci ɓarayin daji ne. Babban allon baya ne ya tsage daga sama har ƙasa, yatsana yana shiga. Malama ta zauna ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ya yi wani kakari kamar mara lafiya. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

"Baba, zai gyaru?"

Na ce a'a.

"To ka rufe mini shi, kada in riƙa buɗewa."

Ƙusa huɗu na sa a murfin. Duk bugun guduma sai wayoyin nan su amsa gaba ɗaya daga ciki, su daɗe suna gunji. Ta toshe kunnuwanta, ni kuwa ba hannun toshewa. Da na gama ta kawo mini ruwan sanyi, ta yi mini godiya, ta ce duk garin nan ni kaɗai na tsaya mata. Na karɓa na sha. Har aka yi mata canjin wurin aiki zuwa Goronyo ban gaya mata daga bakin wa maganar ta fito ba.