Katafilar da ta Ƙi Miƙewa a Unguwar Shanu

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba, kuma na rantse da Allahn da zai karɓi raina ban ƙara masa gishiri ba. Lokacin ba a daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba, Kaduna ko'ina ka duba tono ake yi ana gini, ni kuwa ina bakanike a wani kamfanin kwangila da ba zan faɗi sunansa ba, garejinmu yana wajen Unguwar Sarki. Manyan injuna nake gyarawa, kuma ba yabon kai ba, a lokacin in na kasa kunne na ji kukan inji sai in gaya maka ciwonsa.

Wata Litinin da safe, farkon damina, aka ce in je bayan Unguwar Shanu inda kamfanin ke haƙa babbar magudanar ruwa, wai sitiyarin katafila ya lalace. Irin katafilar nan ce mai taya, cokali a gaba, ga dogon hannu a baya da take haƙa rami da shi. Na tarar da direbanta, Audu, mutum mai fara'a da na sani shekara da shekaru, yana zaune a kan taya ya yi zuru-zuru kamar wanda ya tashi daga ciwo. Shugaban leburorin kuwa, wanda ake kira Helma Dogo, yana ta zagin mutane kamar yadda ya saba. Wallahi mutumin nan ko ruwa lebura ya tsaya sha sai ya ambaci uwarsa.

Audu ya ce mini motar tana tafiya lafiya lau, amma da ta zo daidai wata bishiyar mangwaro sai ta ja hagu, ko ya danne sitiyarin da hannu biyu.

Na ce to, da sauƙi. Ita irin wannan mota babu ƙarfe tsakanin sitiyari da taya, mai ne famfo yake turawa ta cikin tiyo zuwa wata silinda, ita ke juya tayoyin. Na duba iskar taya, daidai. Na buɗe tankin man, a cike yake, ba kumfa balle in ce iska ta shiga. Na wanke matatar man, na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da tsumma ko ɗigo ban gani ba, na girgiza sandar da ta haɗa tayoyin gaba, ba lako-lako. Na hau na zagaya filin sau uku, mota kamar sabuwa. Amma da na doshi mangwaron nan, kai! Sai na ji sitiyarin ya ƙwace daga hannuna kamar wani ƙato ya kama ɗaya gefen, motar ta nufi wani wuri da aka riga aka cike ramin aka daddale. Da ƙyar na taka birki.

A gindin mangwaron akwai wata mata zaune da kwanon abinci ɗaure a ɗankwali. Na tambaya aka ce Saratu ce, matar wani lebura Yohanna, mutanen wajen Zonkwa ne, wai tun ranar Juma'a ya fito aiki bai koma gida ba, shi ne kullum take zuwa da abincinsa ta zauna. A gabana ta taso ta durƙusa wa Helma ta ce, "Baba, don Allah ko an ji labarinsa?"

Ya ce, "Ke, ban gaya miki ba? Ya bi wata mai tuwo sun tafi Jos. Ni ma in na dube ki gudu zan yi." Leburori suka yi dariya don kar ya ga ba su yi ba, shi kuma ya sa ƙafa ya ture kwanon, tuwon ya zube a laka. Ta tsugunna tana tsincewa.

Kwana biyu ina fama. Na ce watakila robar cikin silindar ce ta cinye mai yana tsallakewa, na sa wata silinda sabuwa fil daga sito. Na canja bawul ɗin da ke ƙarƙashin sitiyarin, na zubar da man na zuba sabo, na fitar da iska. Duk a banza, da an zo wurin sai ta ja hagu. Ran Laraba Helma ya ga aiki ya tsaya, sai ya tara leburori ya nuna matar ya ce ai ga dalili nan a zaune, mayya ce, ita ke jan motar, ba ku ga wajenta take nufa ba? Ita ta cinye mijinta ta zo nan tana neman wani. Subhanallahi, kafin ka ce me, an hau ta da jifa. Mutanen da suka yi aiki da mijinta kafaɗa da kafaɗa su ne suka fara ɗaukar dutse. Wani ya same ta a goshi, jini ya rufe mata ido, tana gudu tana faɗuwa zaninta na kwancewa, tana cewa, "Ni mijina kawai nake nema!" Ni kuma ina tsaye da sifana a hannu, ban ce uffan ba. Wannan ma Allah zai tambaye ni.

Aka kore ta, Helma ya ce to yanzu a gwada. Audu ya hau, motar ta sake ja hagu, ta je ta tsaya a kan daddalallen wurin nan.

Da azahar mutane sun watse cin abinci, na ce bari in yi gwajin ƙarshe. Na matsar da motar kaɗan, na danna cokalin gaba a ƙasa har tayoyin gaba suka tashi sama, na miƙar da su sak, na kashe inji na zare makulli na sa a aljihu. Duk wanda ya san aikin nan ya san in inji ba ya kuka famfo ba ya tura mai, tayoyin nan ba za su motsa da kansu ba. Rana tsaka fa, jama'a, ga Audu a gefena. Sai muka ji ƙiiii, a hankali a hankali tayoyin suka fara juyawa, sitiyarin a sama yana zagayawa babu kowa a kujera, har suka kalli wurin suka tsaya. Na hau na mayar da su da ƙarfin tsiya, na sauko, suka sake komawa. Tsigar jikina ta tashi, na zauna a ƙasa ina ta salati.

Audu ya fashe da kuka kamar mace ta yi ɓari. Ya ce, "Malam, ka daina wahalar da kanka, motar nan lafiyarta ƙalau."

Sai ya ba ni labari. Ranar Juma'a an yi ruwa da safe, an tashi aiki kowa ya tafi, Helma ya tura Yohanna ya sauka ramin ya ɗauko shebur da aka bari, ramin kuwa ya fi tsayin mutum biyu, kuma katakon da injiniya ya ce a tokare bangon da shi ba a sa ba. Bangon ya rufta masa. Audu ya ce hannun Yohanna ɗaya yana waje yana damƙar ƙasa, kuma ana jin muryarsa can ciki. Audu ya juya motar zai tono shi, Helma ya ce kul, in aka fito da shi a karye injiniya zai san ba a tokare ba, su biyun za a ɗaure. "Ya ce in tura ƙasa. Malam, na tura. Na bi ta kai sau huɗu na daddale."

Ban san Helma yana bayanmu ba sai da na ji ya yi gyaran murya. Bai yi fushi ba, murmushi ma yake yi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Bakanike, na ji an ce matarka ta haihu, Allah ya raya. Ka ga ramin nan kuwa da sauran tsawo, har bakin rafi za mu kai shi."

Washegari na rubuta cewa gyaran ya fi ƙarfin fili, aka ɗora katafilar a babbar mota aka mayar gareji, aka kawo wata ta ƙarasa aikin, aka zuba kankare a wurin. Audu bai ƙara hawa mota ba, ya koma garinsu. Helma kuwa, in kuna jira ku ji wani abu ya same shi, to babu. Ya zama ɗan kwangila da kansa, ya yi ƙiba, ya tsufa a cikin jikokinsa.

Saratu ta same ni a ƙofar gareji bayan mako guda, goshinta ɗaure da tsumma, a nan na lura ashe ciki ne da ita. Ta ce, "Malam, kai ban ga ka jefe ni ba, shi ya sa na zo. In ka san wani abu ka gaya mini, ko gawarsa ce in kai gida." Na dubi matar nan ido cikin ido na ce ban san shi ba. Ta ce ta gode, har da durƙusawa. Ban sake ganinta ba.

A gareji motar ba ta ƙara ja ko'ina ba, amma manaja ya ce in warware sitiyarin duka a ga dalili. Na kwance silindar nan da na sa da hannuna, wadda na ciro daga kwalinta a rufe, na zare sandar a kan benci. Man ya zubo garau, sai ga wani abu ya biyo shi ya faɗo tim. Curin jar ƙasa ne, ɗanye, bai jiƙa da mai ba ko kaɗan, an dunƙule shi tamau, ga shatin yatsu huɗu a gefe ɗaya, ga na babban yatsa a ɗaya gefen. Ƙofar da mai ke shiga silindar ko ɗan yatsana ba ya shiga. Har yau ban san ta inda ya bi ba, kuma ban nuna wa kowa ba, na kai shi bayan gareji na haƙa rami na binne.

Ni dai shawarata, in kuna aiki kuka ga ƙarfe ya ƙi abin da aka ƙera shi ya yi, kun duba komai lafiya, to ku ajiye sifana ku tambayi mutanen wurin me aka yi a nan. In kuma wani ya zo yana neman nasa kun san inda yake, ku faɗa tun yana tsaye a gabanku. Ni na tsufa ina neman matar nan in gaya mata, ko wanda ya san ƙauyensu ban samu ba.