Dankalin da Bai Yi Fata Ba

A shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun kowa a Jos, na sayi gonar dankalin turawa a tsaye wajen wata tsohuwa a hanyar Bokkos. Haka muke yi: ka biya manomi tun amfanin yana ƙasa, ranar tono kai za ka sa. Duk jarina yana cikin ƙasar nan, har da ɗan abin da yayana ya zuba.

Damina ta yi tsakiya, tsohon dankali ya ƙare a kasuwa, sabo bai isa ba. Farashi ya haura. Dillalai suka bazu gonaki suna tono ba ji ba gani. Yaya ya iske ni a gidanmu na Gangare, ko zama bai yi ba.

"Kai, mutane na kwasar rabonsu, kai kana gadin ganye? Akuya ce kai?"

"Yaya, zo mu je ka gani."

Na kai shi gonar. Na tono guda, na murza da babban yatsa, bawon ya saluɓe. Na ce irin wannan in ya kwana a buhu a kan hanyar Onitsha, ruwa zai zama. Sai ganye ya bushe fata take kamawa.

"To ina ruwanka? In an loda mota, ai ya zama na mai saye."

"Sunana ne a bakin direba, Yaya."

Tsohuwar tana gefe tana dariya. Ta ce, "Oga, ku yi faɗanku, ni dai na riga na sayar."

Ba zan ce jiran ya yi daɗi ba. Ruwa ya yi ta zuba, cutar ganye ta kama gefen kwari, muka rasa kunyoyi da dama. Da na tono, kowa ya tono, farashi ya dawo ƙasa. Da kyar na fitar da uwar kuɗi. Yaya ya zare nasa, ya ce ba ya haɗa hannu da mai taurin kai.

Amma motata ta isa Onitsha ba buhu ɗaya da ya jiƙe. Matar da ta karɓi kayan, wadda dillalan farko suka cika wa shago da wari, ta nemi lambata wajen direba. Tun daga nan ba ta sayen na kowa sai nawa, ta kuma kawo mini ƙawayenta.

Har yau in an haɗu a suna ko ɗaurin aure, Yaya sai ya ba da labarin shekarar da na bar kasuwa ta wuce ni. Gaskiya yake faɗa, ta wuce ni. Ina barinsa ya gama, sannan in tambaye shi ko yana da wani abin da zai aika kudu, don gobe ina da lodi.